Wane maganin feshi zan saya don kuɗin cizo?

Tambayar ta fito ne daga wata uwa mai 'ya'ya huɗu. Babban ɗanta ya dawo hutu daga makarantar kwana, bayan 'yan makonni sai yara suka fara wayar gari da jajayen ƙuraje a wuya da damtse, kowa yana susa. Da ta ɗaga katifa sai ga kuɗin cizo jere a bakin ɗinki. Ta ƙarar da gwangwani uku na maganin sauro, ta yayyafa fiya-fiya sau biyu, abin ya lafa kamar kwana goma, ya sake dawowa. Yanzu wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ta sayo ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake, ta ajiye a ƙarƙashin gado, ta kulle ɗakin. Tana da jariri ɗan wata bakwai. Abin da take so ta sani shi ne, wane maganin feshi ne ya fi ƙarfi, ta saya a huta.

Hajiya, sannu da fama, Allah ya yaye. Na shafe shekaru ina aikin duba-gari da feshin ƙwari a gidaje da ɗakunan kwanan ɗalibai, na san yadda wannan ƙwaro yake hana gida barci, ya kuma sa mutum jin kunyar abin da ba laifinsa ba ne. Kuɗin cizo ba ƙazanta ce ke kawo shi ba. Jini yake nema, kuma a cikin kaya yake tafiya, shi ya sa ake samunsa a ɗakin almajirai, ake kuma samunsa a manyan otal-otal. A 2023 sai da ya tayar da hankalin birnin Faris baki ɗaya.

Zan fara da ƙwayar wake, domin ita ce ta fi tsorata ni a cikin saƙonki. Don Allah, don Annabi, kada ta shiga gidanki. Sunan sinadarinta aluminium phosphide. Da zarar ta sha danshin iska sai ta riƙa fitar da wata iskar guba mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma iskar ba ta san ƙofa ko bango ba: tana bi ta silin, ta ƙarƙashin ƙofa, ta tsagar gini, ta shiga ɗakin da ba a yi niyya ba. Ba ta da makari. Likita zai iya taimaka wa numfashi da zuciya ne kawai, sauran sai abin da Allah ya yi. A watan Fabrairun 2015, a garin Fort McMurray na Kanada, wata uwa ta yi amfani da irin wannan ƙwaya don kashe kuɗin cizo, ta rasa jaririyarta 'yar wata takwas, kwanaki kaɗan bayan haka ta rasa ɗanta ɗan shekara biyu. A Disambar 2021 a Landan wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu saboda maƙwabciyarsu ta zuba ƙwayar a nata gidan, iskar ta hau bene ta same ta, har maganar ta kai kotu. An yi ƙwayar ne don rumbun hatsi da aka toshe, a hannun wanda ya koyi aikin, nesa da inda mutane ke kwana. Maƙwabciyarki da alheri ta nufe ki, amma ki je ki faɗa mata wannan, kada ita ma ta gwada.

Sai fiya-fiya. Yawancin abin da ake ƙullawa a ƙananan kwalabe ana sayarwa da wannan suna dichlorvos ne, wanda ake taƙaitawa DDVP, an sirka shi da kananzir ko wani abin da mai haɗawa kaɗai ya sani. Ba lakabi a jiki, ba wanda zai gaya miki yawan gubar da ke ciki. Shi ne kuma sinadarin da ke cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna tun daga 1 ga Satumba 2019, ta ce na gona ne. Faransa ta haramta shi tun 2013. Ba zan ɓoye miki ba, yana kashe ƙwaron da ya taɓa. Amma yana tashi ya bi iska da wuri, ba ya daɗewa yana aiki a wurin da aka zuba shi, kuma abin da ya bi iskar huhun jaririnki ne zai shaƙa. Yana kuma shiga jiki ta fata. Kin riga kin gwada shi sau biyu, kin ga inda ya tsaya.

Yanzu bari in gaya miki dalilin da ya sa abin ya dawo bayan kwana goma, domin a nan amsar tambayarki take. Macen kuɗin cizo tana yin ƙwai ɗaya zuwa biyar a kullum, a tsawon rayuwarta kuwa ɗaruruwa. Ƙwan launinsa fari ne, bai wuce milimita ɗaya ba, kuma tana manna shi ne da wani ruwa mai danƙo a cikin tsaga, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Yana ƙyanƙyashewa cikin kwana shida zuwa goma. Kin ga lissafin ya fito. Feshinki ya kashe manyan da suka fito fili, ƙwai yana nan lafiya lau, ranar da ya fashe kuma ba sauran magani a wurin. An kashe maciji ba a sare kai ba. Ɗan da ya fito sai ya yi saɓa sau biyar kafin ya girma, kowace saɓa sai ya sha jini, kuma a zafi irin namu mako biyar ya ishe shi ya fara nasa ƙwan. Ga shi da jure yunwa, yana iya yin watanni bai ci ba. Wanda ya ce ki kulle ɗaki ki bar shi ya mutu da yunwa bai san shi ba.

Saboda haka maganin da kike nema ba wanda ya fi ƙarfi ba ne. Mutanenmu da wari suke auna ƙarfi, in bai sa hawaye da tari ba sai a ce ruwa ne. Alhali yawancin warin nan na man da aka narkar da sinadarin a ciki ne. Maganin da ya dace shi ne wanda ƙwarin gidanki ba su saba da shi ba, wanda zai zauna a tsagar yana aiki har ƙwai ya ƙyanƙyashe, wanda kuma aka yi rajistarsa don cikin gida. Duk waɗannan a jikin kwalba ake gane su, ba a bakin mai shago ba.

In kin ɗauki kwalba, ki ƙyale babban sunan da hoton ƙwaron da aka zana. Ki juya ta, ki nemi wurin da aka rubuta "Active ingredient" da ƙananan haruffa, ko "Matière active" in kayan daga ƙasar da ake Faransanci suka fito. Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwalbar don ki gane su in kin gani.

Abin da za ki fi cin karo da shi shi ne sunaye masu ƙarewa da "thrin": permethrin, cypermethrin, deltamethrin, lambda-cyhalothrin, tetramethrin, prallethrin, imiprothrin. Duk 'yan gida ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi su kama jijiyar ƙwaro. Kusan duk gwangwanin maganin sauro su ne a ciki, su ne kuma a jikin yawancin gidajen sauron da ake rabawa. Ba su da tsananin guba ga mutum in an bi ƙa'ida, wannan ne ya sa suka cika kasuwa. Matsalar ita ce kuɗin cizo ya daɗe da gano lagonsu. Tun 1947 aka fara ganin yana tsallake DDT, wani tsohon maganin ƙwari, a tsibiran Hawai, kuma DDT da 'yan gidan thrin wuri ɗaya suke bugu a jijiya, don haka jikokin waɗanda suka tsira daga wancan sun zo da rigar kariya daga waɗannan. Wasu jijiyarsu ta sauya yadda maganin ba ya kamawa, wasu fatarsu ta yi kauri, wasu jikinsu yana narkar da gubar kafin ta yi aiki. A 2002 masu bincike a Tanzaniya sun nuna cewa a ƙauyukan da aka daɗe ana amfani da gidan sauro mai magani, kuɗin cizo ya daina jin wannan maganin. Wannan ba dalili ba ne na jefar da gidan sauro, zazzaɓin cizon sauro yana kisa, kuɗin cizo kuwa ba a san shi da yaɗa cuta ba. Amma ya bayyana miki abin da ya sa gwangwani uku suka tafi a banza. Akwai ma abin da ya fi haka ciwo: 'yan gidan thrin suna da korar ƙwaro. Wanda bai mutu ba sai ya bar gado ya koma bayan hoto, cikin soket, ɗakin da ke kusa. Na sha shiga gidan da matsalar ta fara a ɗaki ɗaya, feshin gwangwani ya raba ta ɗaki uku.

Don haka in abin da ke cikin kwalbar thrin ne shi kaɗai, ki ajiye ta sai in babu wani. Abin da na fi amincewa da shi a aikina shi ne haɗin gida biyu a kwalba ɗaya: ɗan gidan thrin tare da ɗaya daga cikin imidacloprid, acetamiprid, thiamethoxam ko clothianidin. Waɗannan huɗun dangin sinadarin taba ne, wata ƙofa daban suke bi su shiga jijiya, saboda haka ƙwaron da ya toshe ƙofar farko sai a same shi ta ta biyu. Haɗin imidacloprid da beta-cyfluthrin, wanda ake sayarwa da sunan Temprid, yana cikin waɗanda masu sana'ar suka fi sani. Su ma ba tsafi ba ne, a Amurka an riga an samu ƙwarin da suka fara jure musu. Amma a gidan da bai taɓa ganin komai ba sai gwangwanin sauro, sukan yi aiki sosai.

Akwai kuma chlorfenapyr, wanda nake so ki fahimci halinsa kafin ki yanke masa hukunci. Ba jijiya yake taɓawa ba, yana shiga jikin ƙwaro ne ya hana shi sarrafa abinci ya zama ƙarfi, sai ya yi ta lanƙwasa har ya mutu. Ba ya kora, ƙwaro zai bi ta kansa bai sani ba. Sai dai yana da nawa, yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci fiye da mako. Mai gaggawa zai fesa yau, gobe ya ga ƙwaro yana tafiya, ya ce an cuce shi. Haƙuri yake so.

Masu sana'a suna kuma amfani da bendiocarb da pirimiphos-methyl, waɗanda ake feshin bango da su a yaƙi da sauro. Suna aiki a kan ƙwarin da suka gagari thrin, amma a gidan da ke da jariri ba zan ce ki haɗa su da hannunki ba. A bar wa wanda ya koya.

Abin da mutane ba su cika sani ba, kuma ni na fi ƙaunarsa, ba ma feshi ba ne, hoda ce. Akwai ta silika, akwai kuma wadda ake kira diatomaceous earth, wata farar ƙasa mai laushi kamar garin alabo. Ba guba ba ce irin ta jijiya. Tana lalata man da ya lulluɓe fatar ƙwaro ne, ruwan jikinsa ya tsiyaye, ya bushe. Kuma muddin wurin a bushe yake, tana nan tana aiki watanni, duk ɗan da ya ƙyanƙyashe ya bi ta kanta ya gamu da ita. Ta silika ta fi ɗayar sauri. Lokacin hunturu, da iska ta bushe, ta fi kama aiki, da damina kuwa danshi yana rage mata kaifi. Ana barbaɗa ta ne siriri-siriri da ɗan buroshin fenti, yadda da ƙyar ido zai gani, a cikin tsaga da mahaɗar katako da bayan allon gado. In aka tula ta, ƙwaro kewayewa zai yi. Ki sa takunkumi lokacin barbaɗawa, kada ki zuba a saman katifa ko inda jariri ke rarrafe, kuma ki sayi wadda aka rubuta ta ƙwari ce. Toka ba za ta maye gurbinta ba.

Za a ce miki man darbejiya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi rajistar man da aka tatsa ba tare da dafawa ba a matsayin maganin kuɗin cizo. Sai dai sai ya taɓa ƙwaron kai tsaye, kuma ruwan ganyen da aka tafasa a tukunya ba shi ake nufi ba. Fetur da kananzir kuwa kada ma a fara. Katifar soso da ta sha fetur ƙyastu ɗaya take jira. Haka nan gwangwanin nan da ake dannawa a bar shi tsakiyar ɗaki yana ta hayaƙi shi kaɗai: a 2012 jami'ar jihar Ohayo ta gwada irinsu a kan kuɗin cizo, aka ga kusan ba su yi komai ba, domin hayaƙin sama yake tashi ya sauko a fili, ƙwaro kuwa yana cikin tsaga.

Bayan sunan sinadari, ki duba haruffa biyun da ke bin sunan maganin. EC na nufin an narkar da shi a mai, shi ne mai wari, mai zama fari kamar madara in an zuba a ruwa. Bangon ƙasa, bulon da ba a yi wa filasta ba da ɗanyen katako suna shanye shi, ya ɓace a ciki, ya bar saman babu komai. SC da CS da WP kuwa ƙananan ƙwayoyi ne da ke zama a saman abin da aka fesa bayan ruwan ya bushe, ƙwaro ya taka ya kwasa. Don kuɗin cizo, SC ko CS nake zaɓa, warinsu kaɗan ne, sun kuma fi daɗewa. Sannan ki duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi su duba lambar amincewar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, CSP. A gindin lakabin akwai zanen launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mai ja kada ya shiga gida ko da kyauta ne. Abu na ƙarshe, wanda aka fi tsallakewa: lakabin ya ambaci kuɗin cizo ko amfani a cikin gida. In hoton tumatir da wake da auduga ne a jiki, kuma awon da aka bayar na kadada ne, to na gona ne, ko da sunan sinadarin ya yi daidai da wanda na lissafa. Mai shagon maganin gona zai ce miki duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Ga wata dabara da nake yi kafin in fesa gida gaba ɗaya, ke ma za ki iya. Ki kama ƙwari kamar goma sha biyar masu rai, ki sa a kwalba. Ki haɗa maganin daidai yadda lakabi ya ce, ki fesa a ɗan ƙyalle ko guntun kwali, ki bari ya bushe sarai. Bushewar ita ce gwajin, domin jiƙaƙƙen magani kusan kowanne yana kisa, har ruwan sabulu. Sai ki sa ƙyallen a roba mai zurfi, ki juye goma a kai, ki rufe bakin da yadi ki ɗaure, sauran biyar ɗin ki bar su a kwalbarsu ba magani. Ki ajiye inda yara ba za su kai ba. Bayan kwana biyu zuwa uku, in na kan ƙyallen sun mutu na kwalba suna raye, maganin ya karɓi ƙwarin gidanki. In suna yawo abinsu, kin tsira da kuɗinki da wahalarki, sai a nemi wani gidan sinadarin, ba wani sunan kamfani ba. Chlorfenapyr da hoda sai a ba su mako guda ko fiye.

Duk da haka, Hajiya, ko kin samu mafi kyawun magani, feshi kashi ɗaya ne cikin uku na aikin. Wanda ya fi kashe kuɗin cizo a gidajenmu zafi ne, shi kaɗai ne kuma yake gamawa da ƙwai nan take. Wanki a ruwa mai zafin digiri 60 yana kashe babba da ƙarami da ƙwai. Ki tattara zannuwan gado, rigunan filo, labule, gidan sauro da tufafi a cikin leda tun a cikin ɗakin, ki ƙulle bakin kafin ki fito da su, kada a yi ta zubar da ƙwari a tsakar gida. A jiƙa su a ruwan zafi, a shanya, a goge da dutsen guga, a sa a sabuwar leda a ƙulle har sai an gama aikin. Gadon kuma a kwance shi, ba a fesa shi a tsaye ba. Na taɓa aiki a wani ɗakin kwanan ɗalibai da aka yi wa feshi sau da yawa ba a dace ba. Gadajen ƙarfe ne masu hawa biyu, an wanke su tas, ba ka ganin komai. Da muka fitar da su rana, na cire robar da ta toshe bakin bututun ƙafar gado ɗaya, na haska tocila. Cikin bututun baƙi ƙirin da kashinsu, ga saɓa kamar dusa, ga ƙwai fari-fari manne a jiki, ga wani ƙarni da duk wanda ya taɓa murtsuke kuɗin cizo ya san shi. Buta muka ɗauko, muka yi ta ɗura tafasasshen ruwa a kowane bututu, suna fitowa ta ƙasa a mace. Feshin da aka yi ta yi a baya ko sau ɗaya bai shiga wurin ba. Gadon katako ma haka yake, a ramin ƙusa da mahaɗa da ƙarƙashin allunan da katifa ke hawa suke taruwa.

Katifa ita ce mai wuya. A bi ɗinkinta da buroshi mai tauri a waje, sannan a ɗora ɗanyen ƙyalle a bi da dutsen guga mai zafi a hankali, tururin ya shiga. Shanya a rana yana taimako, musamman a watan Maris da Afrilu, amma kada ki dogara da shi, domin saman katifa yana ƙuna ƙasanta da sanyi, can suke komawa. Ƙananan kaya irin takalma da jaka, in an ƙulle su a baƙar leda ba a cusa da yawa ba, aka bar su a rana tun hantsi har la'asar ana juyawa, sun fi samun zafin da ake so. In da hali, ki sa a ɗinka wa katifar riga ta leda mai kauri, a rufe ta ruf ba ƙofa, a bar ta shekara guda. Na ciki ba fita, na waje ba maɓoya. Katifar da ta yayyage ta zama gidansu kuwa, a farke ta kafin a jefar, kada wani ya tsinta ya kai gidansa.

Sai an gama wannan ake feshi. A auna maganin da sirinji, yadda lakabi ya faɗa, ba da murfin kwalba ba, kuma kada a ƙara don a ce ya fi ci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tattara mutum 111 da suka yi rashin lafiya ta dalilin maganin kuɗin cizo a jihohi bakwai tsakanin 2003 da 2010, ɗaya ta rasu, kuma cikin manyan dalilan akwai zuba magani fiye da kima da kwanciya a kan shimfiɗar da aka fesa ba a wanke ba. Mai feshi ya sa takunkumi da safar hannu da riga mai dogon hannu. Ke mai shayarwa ce, ki bar wa maigida ko wani babba. A fitar da yara, abinci, ruwan sha, kwanuka da kaji. Ba iska ake fesawa ba kamar na sauro. Bakin famfo ake kaiwa tsaga: mahaɗar gado, inda bango ya haɗu da daɓe, ƙarƙashin ledar ƙasa ko kafet, bayan hotuna, ƙasan kujerun kushin, cikin durowa bayan an kwashe kaya. Soket ba a sa masa ruwa, hoda ake sawa bayan an kashe wuta. Saman katifa, filo, zanin gado, shimfiɗar jariri da darduma ba a fesa su. A bari ya bushe, a buɗe tagogi iska ta ratsa na tsawon awannin da lakabi ya ce kafin kowa ya shiga, jariri kuma ya zama na ƙarshen shiga. Kada a goge wuraren da aka fesa da ruwa, maganin da ya bushe a wurin shi ne mai gadin.

Bayan kwana goma zuwa sha huɗu a maimaita, ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba. Wannan zagaye na biyu shi ne wanda kusan kowa yake bari, shi ne kuma yake kama 'ya'yan da suka fito kafin su isa yin ƙwai. Sau da yawa sai an yi na uku. A tsakanin nan kada ku ƙaurace wa ɗakin ku koma falo, za su bi numfashinku da ɗumin jikinku su same ku a can. Babba ya ci gaba da kwana a ciki, a janye gadon daga bango, kada zani ko gidan sauro ya taɓa ƙasa, a sa kowace ƙafar gado a cikin ƙaramar roba mai santsi da aka shafa wa hodar jiki a ciki. Hodar tana da amfani, domin irin kuɗin cizon ƙasashen zafi ya fi na Turai iya hawa abu mai santsi. Duk safiya ki leƙa robobin, su za su gaya miki ko ana cin nasara. Farin zanin gado ma yana nuna ɗigon jini da baƙin kashinsu. Sai an yi mako shida zuwa takwas ba cizo, ba ɗigo, ba ƙwaro a roba, sannan za ki ce an rabu.

In gidan haya ne mai ɗakuna a jere, ki daure ki yi wa maƙwabta magana a yi aikin rana ɗaya. Na san da nauyi, amma bango ɗaya ne ya raba ku, kuma wayar lantarki hanya ce. In kuma za ki kira mai feshi, ki ce ya nuna miki kwalbar da lakabinta, ki karanta sunan sinadarin da kanki, ki tambaye shi yaushe zai dawo zagaye na biyu. Wanda ya zo da jarka ba rubutu, ya ce haɗinsa sirri ne, ko ya ce sau ɗaya ya isa, ki sallame shi da girma da arziki.

Tunda an riga an yi amfani da fiya-fiya a gidan, ki san alamomin gubarsa: dalalar miyau, gumi, hawaye, amai, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi yana ƙara. In kin ga haka ga yaro ko babba, a fitar da shi iska, a cire masa tufafin, a wanke jiki da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu, domin irin wannan gubar tana da allurar da ke karya ta in an je da wuri. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da gangan, yana iya shaƙewa abin ya gangara huhu. Ragowar da ke gida kuma kada a bar ta a gorar lemo ko ta ruwa.

Saura akwatin ɗanki. In ba a gyara ta can ba, hutu mai zuwa za a sake sabon lale. Ki sanar da hukumar makarantar, ki kuma tuntuɓi sauran iyaye, domin gyaran ɗakin kwana lokacin hutu ake yinsa, sa'ad da za a iya fitar da gadaje. Ranar da ya dawo kuwa, akwati da jaka da katifarsa su tsaya a tsakar gida. A zazzage komai a kan siminti da rana, tufafi su wuce ruwan zafi kai tsaye, a bi kusurwoyin akwatin da zif ɗin jakar da tocila, littattafai a kaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Haka za ki yi wa kayan gwanjo da duk wata kujera ko gado na hannu kafin su ƙetare ƙofar ɗaki.